Jos, Obudu ko Mambila: ina mazaunin Abuja zai je ya huta a kan dutse?

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da Abuja ke ɗaukar zafin nan da fanka ba ta iya masa komai, hirar ofis da ta majalisa ba ta wuce inda mutum zai gudu ya sha iska. Idan aka ce dutse da sanyi da daji, sunaye uku ne suka fi fitowa: Jos da duwatsun Shere, tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, sai Mambila a Taraba. Sanyin nasu duka tushensa ɗaya. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Yawancin Abuja tana zaune ne tsakanin mita 400 zuwa 500 daga doron teku, garin Jos yana wajen mita 1,200, Obudu da Mambila kuma suna wajen 1,600.

Da tsawo kaɗai ake dubawa, da Jos ce ta ƙarshe. Ni kuwa ita nake sa wa a gaba ga mafi yawan mutane, domin abin da ke cinye hutun ɗan Najeriya hanya ce. Wanda ke da kwana uku, ya ba mota kwana biyu, me ya rage masa?

Jos tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce idan hanya ta yi daɗi. Ka bar gida bayan sallar asuba don ka tsallake cunkoson Nyanya da Mararraba, ka bi Keffi, ka karya a Akwanga, kafin azahar kana Hawan Kibo. A nan ne za ka ji iskar ta canja, har wani a bayan mota ya ce a kashe na'urar sanyi a sauke gilashi. A gindin hawan akwai magangarar ruwa ta Assop, wajen kilomita 60 kafin Jos, wadda ta isa a tsaya a miƙe ƙafa a ɗauki hoto. A dai riƙe hannun yara, duwatsun wurin suna da santsi, ruwan kuma ba na wasa ba ne. Hawan kansa yana son direba mai haƙuri, saboda manyan motocin da ke rarrafe a kansa da kaya. Ana wuce shi sai ƙasa ta buɗe: duwatsun Riyom da aka ɗora wani kan wani, gonakin dankalin Turawa da kabeji, shingayen ƙaya da mutanen ƙauye ke kewaye gidajensu da su.

Duwatsun Shere suna gabas da gari, wajen kilomita 10. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, wato ta fi inda masaukan Obudu suke tsawo, abin da mutane da yawa ba su sani ba. A can ne makarantar horon jagoranci ta 'yan Man O' War take. Hawan ba ya buƙatar igiya ko wata ƙwarewa idan aka bi hanyoyin da aka saba, amma yana buƙatar takalmi mai kama dutse da ɗan jagora daga mutanen yankin, Afizere, waɗanda Hausawa suka fi sani da Jarawa. Kada wani ya ce maka ai dutse ne ana ganinsa daga titi. A ciki hanyoyin suna kama da juna, kuma hazo yana iya rufe wuri cikin ɗan lokaci.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan yanki ba Shere ɗin ba ne, wani ɗan ƙaramin gandu ne a kusa da ƙauyen Laminga, Amurum. Bai wuce kadada 300 ba, amma an ƙirga nau'in tsuntsaye kusan 300 a cikinsa. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke zuwa yin digiri na biyu a cikinta. Akwai wani ɗan jan tsuntsu, dangin baiwar Allah, mai zama a cikin duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin nau'i mai zaman kansa. Yana da wani maƙwabci baƙi mai sheƙi da ba ya wahalar yin sheƙa, sai ya lallaɓa ya zuba ƙwansa a ta jan. Jan ya kwanta, ya ƙyanƙyashe, ya ciyar, ɗan riƙon kuma ya tashi yana rera kukan masu riƙonsa, da shi zai nemi mata idan ya girma. Daga Turai mutane ke biyan kuɗin jirgi don su ga waɗannan biyun. Mu kuwa muna wucewa ta gefensu da gilashi a rufe.

Amurum wuri ne na sassafe. Ƙarfe shida da rabi, raɓa a jikin ciyawa, kana bin ɗan jagora a bayansa cikin kwazazzabo mai bishiyoyi, sai ya ɗaga hannu ya tsaya cak. “Alhaji, a ɗan rage murya,” in ji shi, ya miƙo maka tabarau mai hangen nesa, ya nuna wani reshe da kai ba ka ga komai a kansa ba. Sai ka daidaita gilashin, ga shi nan, bai kai babban yatsa biyu ba, yana gyara gashin fiffikensa. Ba wurin kiɗa da lasifika da buɗe kulolin shinkafa ba ne, wurin bincike ne, don haka a nemi izinin masu cibiyar kafin a je. Wanda yaransa ke son ganin manyan dabbobi ya kai su gandun namun daji na Jos da aka buɗe a 1972, ko gidan tarihi na 1952 inda kawunan yumɓu na Nok suke, da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya a filin gine-ginen gargajiya.

Babbar ribar Jos ita ce da yamma za ka dawo gari. Akwai otal na kowane aljihu, akwai asibiti, akwai bakanike, akwai banki. Bahaushe a Jos ba baƙo ba ne: masallaci a kusa, tsire da masa da shayi ba sai an tambayi waye ya yanka ba. Ka ɗanɗani gwaten acca, ka ratsa kasuwar Farin Gada ka cika bayan mota da dankali da karas da koren wake, idan lokacin sanyi ne har da sitiroberi na wajen Vom. Naƙasunta kuwa a bayyane yake. Ba a cikin daji kake kwana ba, kana cikin gari ne da hayaniyar Keke Napep ɗinsa, daji ziyara kake kai masa. Tafkunan nan masu kyau da ke warwatse a wajen Rayfield da Bukuru kuma tsofaffin ramukan haƙar kuza ne, zurfinsu ba ya nuna kansa, kada a bar kowa ya ce zai yi iyo. Sannan maganar tsaro: ƙananan hukumomin Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu sun sha fama da rikici, shi ma garin ya ga nasa. A kira wani mazaunin Jos kwana ɗaya kafin tafiya, a yi hanya da rana, kada a shiga ƙauye ba tare da ɗan gari ba.

Obudu ita kaɗai ce a cikin ukun aka mayar da ita wurin hutu takanas. Turawa ne suka kafa ta a 1951 a matsayin wurin kiwon shanu, saboda a wannan tsawo ƙudan tsando ba ya rayuwa, shanu ba sa kamuwa da sammore. Daga baya gwamnatin jiha ta mayar da ita wurin shaƙatawa, kuma a zamanin Gwamna Donald Duke, a 2005, aka kafa motar igiya mai tafiyar kusan kilomita 4 daga gindin dutse zuwa sama. Wanda zai hau da mota zai bi titi mai kilomita 11 da kwana-kwana har 22, kowace tana juyowa kan 'yar'uwarta kamar hanjin akuya. A sama akwai ɗakunan kwana a kan tudu, ciyawa kore shar, da ɗan gandun Becheve inda aka ɗaura gadar igiya a tsakanin kan bishiyoyi. Idan ka buɗe taga da safe, gajimare yana ƙasa da kai. Wannan kam Jos ba za ta ba ka ba.

Sai dai kafin ka buɗe tagar nan ka yi yini guda cur a mota: Keffi, Lafiya, Makurɗi, Gboko, garin Obudu, sannan ƙarin wajen kilomita 60 zuwa gindin dutsen a ƙaramar hukumar Obanliku. Titin Keffi zuwa Makurɗi tagwaye ne, ya rage wahala ƙwarai, amma bayan Makurɗi sai a hankali, ga shingayen jami'an tsaro, ga wasu sassan Binuwai da ba a son dare ya riski mutum a cikinsu. Wanda bai bar Abuja da asuba ba zai hau kwanonin nan 22 a cikin duhu da hazo, abin da ba na yi wa kowa fata.

Akwai kuma abin da hotunan intanet ba sa faɗa. Yawancin hotunan Obudu da ke yawo na shekarun da wurin ke tashe ne. Motar igiyar ta sha tsayawa na dogon lokaci, kulawa da wurin kuma tana hawa da sauka gwargwadon hannun da ke riƙe da shi. Don haka kafin ka tura ko sisi, ka kira, ka yi tambaya dalla-dalla: motar igiya tana aiki a wannan makon? Awa nawa ake ba da wuta? Akwai ruwan zafi a banɗaki? Wannan ta ƙarshe ba tambayar 'yan gayu ba ce, duk wanda ya taɓa alwalar asuba da ruwan kan dutse ya san haka. In da hali, ka nemi a turo maka bidiyon ɗakin da za a ba ka, wanda aka ɗauka a ranar.

Ga Musulmi akwai ƙarin shiri. Yankin na Kiristoci ne galibi, Hausawa suna garin Obudu a ƙasa, amma a saman dutse kada ka sa ran jin kiran salla. Ka tafi da darduma da buta, ka san alƙiblarka, sauƙin matafiyi na ƙasaru yana nan. Nama kuma a tambaya, ko a tsaya ga kifi da ƙwai, ko uwargida ta haɗo dambun nama da kilishi da soyayyar miya tun daga gida. Abinci a sama ya fi tsada tunda komai hawa da shi ake yi, kuma ba wata kasuwa da za ka ce bari in zaga in duba wani wuri. Ga ango da amarya, ko miji da mata da suka bar yara wajen kaka, suna da kwana huɗu zuwa biyar, Obudu ta fi dacewa da kalmar hutu idan amsoshin waya sun gamsar. Ga mai ƙananan yara uku a kujerar baya, yinin nan na mota zai fitar masa da hutun ta hanci tun kafin Gboko.

Mambila kuma wata duniya ce, kuma gara in faɗa tun yanzu: ba hutu ba ne, tafiya ce. Kwana biyu ne daga Abuja a mota, ko ka bi ta Makurɗi da Katsina-Ala, ko ka hau jirgi zuwa Jalingo ka rage rabi. Ko ta ina ka biyo, sai ka ratsa Bali da Serti ka iso Mayo Selbe, inda hawan yake farawa. Titin yana manne da jikin dutse, rami a gefe guda, direbobin hanyar suna hawansa da giya ta ɗaya da ta biyu suna danna oda a kowace kwana. Wanda bai saba ba ya ajiye girman kai ya ɗauki direban gari. A saukowa ma ya fi haɗari, domin mai dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin rabin hanya.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ana kai wa Maisamari sai ka rasa a wace ƙasa kake: tuddai masu ciyawa suna bin juna har iya ganinka, jajayen shanun Fulani masu dogayen ƙaho a warwatse, layukan bishiyar turare, mutane cikin rigunan sanyi da tsakar rana. Dalilin da ya kai shanu Obudu shi ya tara su a nan, rashin ƙudan tsando. A Kakara akwai gonakin ganyen shayi, inda ake yin Highland Tea. Gembu ce hedikwatar ƙaramar hukumar, wadda ke ɗauke da sunan Sardauna, kuma ba banza ba: yankin yana cikin Arewacin Kamaru na rainon Ingila, ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ce ta shigo da shi Najeriya, bayan Sir Ahmadu Bello ya yi ta zawarcin mutanensa. Fulatanci ne harshen kasuwa, amma Hausa tana kai mutum ko'ina, masallatai kuma a kowane gari. Ta fuskar addini da abinci, Bahaushe ya fi sakewa a Mambila fiye da Obudu nesa ba kusa ba. Madarar shanu, zuma, ayaba da fiya kuwa sai ka ture. Mafi yawanmu sunan Mambila a labaran tashar wutar lantarki mai megawat 3,050 muka san shi, wadda aka shekara da shekaru ana alkawarinta, alhali tudun kansa ya fi labarin daɗin ji.

Idan gandun daji na gaske kake nema, a nan yake. Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, an keɓe shi tun 1969. Faɗinsa murabba'in kilomita 46, amma kurmin da ke ciki ɗan kaɗan ne, yana maƙale a gangaren dutse, ragowar irin dajin kan tsauni da ya kusa ƙarewa a ƙasar nan. A ciki akwai birai iri-iri, har da cimfanzi na Najeriya da Kamaru, wanda ke cikin haɗarin ɓacewa. Akwai tashar bincike da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta jagoranci kafawa, kuma 'yan ƙauyukan kewaye ne yawancin ma'aikatanta. Daga Yelwa da ƙafa ake shiga. Kada ka tafi da zaton za ka ga cimfanzi, sun fi ka sanin dajin kuma ba sa son mutane. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ka ji ihunsu daga ƙasan kwari, ko a nuna maka gadon ganye da suka kwana a kai a saman bishiya.

A ƙasan tudun kuma ga Gashaka Gumti, gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, fiye da murabba'in kilomita 6,000 a Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991. Ofishinsa yana Serti, a nan ake karɓar izini da ma'aikacin gandu mai rakiya. A cikinsa Chappal Waddi yake, mita 2,419, dutse mafi tsawo a ƙasar, a kan iyakar Kamaru. Hawansa tafiyar kwanaki ce da ƙafa da babur da kwana a tanti. Wannan na samari ne masu ƙarfin gwiwa, ba na wanda likita ya ce ya je ya huta saboda hawan jini ba.

Masauki a Gembu da Nguroje da Serti na talaka ne: gado, bargo, bokitin ruwan zafi idan ka roƙa. Sabis ɗin waya yana zuwa yana tafiya, don haka a riƙe tsabar kuɗi, kada a dogara da tura kuɗi ta waya. A cika tanki a duk inda aka ga mai. Asibiti babba yana da nisa, wanda ke shan magani kullum ya ɗebi abin da zai ishe shi har da rara. Shi ma tudun ya ga rikicin manoma da makiyaya, mafi muni a 2017, don haka a nan ma tambayar ɗan gari wajibi ce. Wanda ba shi da mako guda cikakke ya haƙura da Mambila zuwa wata shekara.

Lokacin tafiya yana iya juya duk wannan lissafi. Obudu tana shan ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, kusan ninki uku na Jos, don haka daga Yuni zuwa Satumba kana iya biyan kuɗin ɗaki ka kwana uku kana kallon hazo ta taga. Mambila da damina hanyoyin ƙauye sukan zama taɓo, kogunan Gashaka kuma su cika su hana ƙetarewa, shi ya sa aka fi shiga gandun daga Disamba zuwa Maris. Disamba da Janairu suna da sanyi mai daɗi a duka ukun, sai dai ƙurar hunturu tana rufe nesa, ciyawa ta bushe, a Jos kuma dare kan sauka kusa da digiri 10, har leɓe ya tsage. Ni a ganina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙasa tana nan kore, sama a wanke. Mai gudun zafin Maris da Afrilu kuwa ya sani Jos ma tana ɗumi da rana a lokacin, daren ne ke biyan bashi.

Ta wajen kuɗi, Jos ce mai sauƙi, tunda tanki ɗaya da ɗan ƙari ya kai ka ya dawo da kai, ko ka shiga motar haya daga tashar Jabi ko Nyanya. A Obudu ɗaki da abinci ne ke cin aljihu. A Mambila ɗaki ba komai ba ne, mai da direba da 'yan acaɓa da masu rakiya su ne kuɗin, ga kwanakin aiki da za ka bari.

Saboda haka idan ɗan'uwa ya tare ni ya ce, “Yaya, ina da Juma'a zuwa Lahadi, ga Hajiya ga yara, ina za mu?”, ba na dogon tunani. Ku tafi Jos. Ku isa da azahar ranar Juma'a ku huta, Asabar da sassafe ku shiga Amurum, da hantsi masu ƙarfi su taɓa Shere, Hajiya da ƙananan su tafi gidan tarihi. Lahadi ku biya Farin Gada, ku kama hanya kafin ƙarfe goma sha ɗaya, don ku sauka Hawan Kibo da rana tsaka kuma ku riga masu dawowa aiki isa Mararraba.